Sabon Ruwa da Ruwan Sabo

A Nima da Maamobi, ranar da ta fi kowace haɗari ga kifin da ke cikin akwatin gilashi ita ce ranar da famfo ya kawo ruwa. Duk wanda ya zauna a unguwannin nan ya san yadda ranar take. Wani zai ji bututu ya fara tari da asuba, ya ƙwanƙwasa wa maƙwabci ƙofa, kafin gari ya waye tsakar gida ta cika da bokitai da robobi da jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake kira galan Kufuor, sunan da suka samo tun zamanin mulkin John Agyekum Kufuor, tsakanin 2001 da 2009, lokacin da ƙarancin ruwa ya mayar da kowa ɗan garuwan kansa. Ranar ce ake fito da wankin da ya taru, a goge ɗaka, a wanke banɗaki, a cika duro. To, a cikin wannan zafin naman ne idon wani zai faɗa kan akwatin kifin da ke kan kabad a falo, ya ga ruwan ya ɗan yi ja-ja, kore ya fara kama gilashi, tausayi ya kama shi. Sai a kwashe kifayen a zuba a kwano, a juye ruwan a kwata, a sa omo da soso a cuɗe gilashi da tsakuwa har su yi ƙyalli, a cika da ruwan famfo garau, a mayar da kifaye. Da yamma duk wanda ya shigo sai ya yaba. Washegari biyu sun juya ciki sama, sauran sun taru a saman ruwa suna buɗe baki.

Abin da ake faɗa bayan nan ba ya wuce uku. Wani ya ce kwanansu ne ya ƙare. Wata ta ce kambun baka ne, jiya an cika yabo. Wani kuma ya ce ai kifin Turawa ba ya jure ƙasar nan. Ba za ka ji wanda zai ce tsabta ce ta kashe su ba, domin bakinmu bai saba haɗa tsabta da kisa a jimla ɗaya ba.

Kiwon kifin ado baƙon abu ne a zango. A wurin kakanninmu kifi na miya ne: karfasa, tarwaɗa, busasshe ko ɗanye. Saurayin da ke son kiwon abin kallo tantabara yake nema. Yanzu kuwa za ka iske akwatin gilashi a shagon aski, a ɗakin shan magani, a falon wanda ya yi zama a Jamus ko Amurka ya dawo, a cikinsa jan kifin nan da mutanen Sin suka fara kiwo shekaru kusan dubu da suka wuce, ko 'yan mitsi-mitsin gupi masu jelar ado, waɗanda asalinsu Tirinidad ne da arewacin Kudancin Amurka. Kifin ya iso, gilashin ya iso, har da ɗan injin da ke hura kumfa. Abin da bai iso tare da su ba shi ne maganar da za a yi a kan ruwansu. Sai muka ɗauko wadda muke da ita, kuma wadda muke da ita a makarantar allo muka koyo ta.

Yaron da ya durƙusa gaban malam da Ahalari ko Ishmawi, ko ya kai ga Risala ta Ibn Abi Zaid, ba ya nisa sai ya iske babin tsarki, shi kuwa babin tsarki da ruwa yake farawa. Malaman Malikiyya sun ba mu awo uku: launi, ɗanɗano da ƙamshi. In najasa ta canza ɗaya daga cikinsu, ruwan ya tashi daga aiki. In abu mai tsarki ne ya canza shi, kamar madara ko sabulu, ana iya amfanin yau da kullum da shi amma ba a alwala. In kuwa mazauninsa ne ya canza shi, wato laka ko gishirin ƙasar da yake kwance a kai, ko gansakukar da ta tsiro daga cikinsa, ko daɗewar zama kawai, to yana nan da tsarkinsa. Na daɗe ina jinjina wa wannan rabe-raben. Mutanen da suka yi rayuwa da rijiya da tafki da kududdufi sun lura cewa canjin da ya faɗo wa ruwa daga waje daban, wanda ruwan ya haifa da kansa daban, kuma ba su yarda ido ya yanke hukunci shi kaɗai ba. Kore-koren da wata Hajiya ta gani a gilashi ta ce ƙazanta ne, da za ta kai shi gaban malamin da ya karantar da ita, cewa zai yi babu komai. A nan malam da kifi bakinsu ɗaya. Gansakuka ba ta cutar da kifi, wasunsu ma ci suke yi.

Inda suka rabu shi ne awon. Ido da harshe da hanci an yi su ne don ɗan Adam mai neman ruwan da zai tsaya da shi gaban Ubangijinsa, kuma sun wadatar a wannan aiki. Kifi kuwa abin da ke kashe shi galibi ba shi da launi. Ruwa zai iya zama mai tsarki a wurin malam, mai tsabta a wurin likita, garau a idon baƙo, ya kuma kashe kifi kafin a kira azahar.

Ruwan famfon Accra daga wurare biyu mafi yawansa yake zuwa: madatsar Weija da ke kan kogin Densu ta yamma, da Kpong da ke kan Volta. A can ake sa masa alam don laka ta kwanta, a tace, a sa sinadarin kulorin don ya kashe ƙwayoyin cuta, a kuma bar ɗan kaɗan a ciki da gangan, abin da yawanci bai kai miligiram ɗaya a lita ba, don ya raka ruwan a cikin bututu har gida. Kada kowa ya zagi kulorin. Wanda ya ga kwalarar 2014, da ta kama mutum fiye da 28,000 a Ghana, mafi yawansu a Accra da kewaye, ta kashe fiye da 200, ya san rahama ne. Amma mu shan ruwa muke yi, shi kifi numfashi yake yi da shi. A ƙarƙashin kumatunsa akwai jajayen ganyayyakin nama masu laushin gaske, inda 'yar fatar da ta raba jininsa da ruwa ba ta kai kaurin gashi ba. Ta nan iska ke shiga, ta nan gishiri ke shige da fice, ta nan ruwan kansa ke ratsawa cikin jikinsa dare da rana, shi ya sa kifin ruwan daɗi ba ya bukatar sha. Ɗigon kulorin da cikinmu ba zai ko lura da shi ba, wannan naman yake ƙonawa.

Ta nan ne kuma kifi ke fitar da mafi yawan dattinsa, a matsayin amoniya. Ragowar abinci da kashi da ganyen da ya ruɓe su ma amoniya suke komawa. A kogi wannan ba magana ba ce, ruwa ya tafi da ita. A akwati mai lita 60 babu inda za ta. Abin da ke tsare kifi daga gubar jikinsa wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani, da suke manne a jikin tsakuwa da gilashi, musamman a cikin soson matata, wannan baƙin soson mai yauƙi da kowa ke ƙyama. Kashi ɗaya daga cikinsu yana mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, domin yana kama jini ya hana shi ɗaukar iska har ya koma ruwan ƙasa. Wani kashin kuma ya mayar da naitirait naitiret, wanda kifi ke iya jurewa muddin bai taru da yawa ba. Masanin nan ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fara ware irin waɗannan ƙwayoyi ya bayyana aikinsu wajen 1890. A sabon akwati sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya da dattin kifaye. Omo da ruwan famfo kuwa a minti biyar suke gamawa da su. Ke nan wanda ya yi babban wanki ya yi ɓarna biyu da hannu ɗaya: ya ƙona wa kifi wurin numfashi, ya kuma kashe masu kwashe masa shara. Kifin da ya tsira daga ta farko, ta biyun na jiransa bayan kwana uku.

Wani zai ce to a bar ruwan mana, kada a taɓa. Turawa sun riga shi wannan tunanin, kuma sun daɗe a kansa. A 1850 wani masanin sinadarai a Landan, Robert Warington, ya sa jajayen kifi da ciyawar ruwa da dodon koɗi a tulun gilashi, ya nuna cewa tsiro na ba kifi iska, kifi na ba tsiro taki, dodon koɗi na share tsakani. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi don jama'a, a 1854 Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya yaɗa wannan sha'awa a gidajen Ingila. Daga nan masu kiwo suka riƙe imani cewa tsohon ruwa dukiya ne, gwargwadon jansa gwargwadon albarkarsa, har wasu ke tace shi su mayar. Tsara bayan tsara aka yi a haka kafin kayan gwaji su nuna abin da ke taruwa a ciki.

Mu da muke cewa ruwa ba ya tsami banza, ya kamata mu riga su ganewa, domin a akwatin kifi karin maganar nan a zahiri take faruwa. Aikin da bakteriya ke yi a kan amoniya yana sakin tsami, yana cinye ma'adinan da ke tare tsamin, sannu a hankali ma'aunin pH ya yi ƙasa, naitiret kuma ya yi sama. Kifayen gida ba su mutu ba saboda canjin a hankali ya zo musu, sun saba. Amma kawo sabon kifi daga shago ka saka, kwana biyu ya mutu, a ce mai shago ya yi algus. Abin da ya fi wannan ban tsoro shi ne ranar da mai akwatin zai farga ya ce bari ya gyara komai yau. A ruwa mai tsami amoniya a ɗaure take, ba ta da kaifi sosai. Da zarar an kwararo sabon ruwa mai yawa pH ya yi tsalle, sai ta kwance. Hawa ɗaya a ma'aunin yana ninka mai gubar kusan sau goma. Wanda ya yi wata shida bai taɓa ruwa ba shi ne ya fi kowa bukatar tafiya a hankali, kaɗan yau, kaɗan jibi, har ruwan ya dawo hayyacinsa.

Akwai kuma wanda ke cewa ai kullum yana canzawa, alhali ƙari yake yi. Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska na shan ruwan akwati har ka ga layin fari a gilashi. In ka cika gurbin, ka mayar da abin da ya tashi ne kawai. Ruwa zalla ke tashi sama. Datti da gishiri suna nan inda suke. Sai an ɗebe an zubar ake ragewa. In naitiret ya kai 50 ka ɗebe kashi ɗaya cikin biyar ka maye da mai kyau, ya dawo 40. In ƙari ka yi shekara guda, ko ɗaya bai ragu ba.

Duk rikicin yana cikin fi'ili ɗaya da muke amfani da shi ta fuska biyu ba tare da mun lura ba. Muna cewa ruwa ya canza, muna cewa na canza ruwa. Na farko yana faruwa ko muna barci, kullum, ba ya tsayawa. Na biyu namu ne, kuma idan muka faɗe shi, abin da ke zuwa mana a rai shi ne yadda ake canza riga: a tuɓe wannan a sa waccan. Wannan hoton ne ke kashe kifi. Aikin da ake bukata ya fi kusa da surki, irin wanda uwa ke yi wa ruwan wankan jariri, tana zubawa tana taɓawa da bayan hannu. A rage kaɗan daga tsoho, a ƙara kaɗan daga sabo, yadda mazaunin ciki ba zai ji an yi masa komai ba.

Na ga wani mai aski a Maamobi yana yin aikin nan yadda ya kamata, ran Litinin da safe kafin mutane su fara zuwa. Abu na farko, ya zare filogin injin iska da na fitila daga bango, domin jiƙaƙƙen hannu da wayar lantarki ba sa shiri. Ya ɗauraye hannunsa har gwiwa da ruwa zalla, saboda man gashi da turare da sifirit ɗin da yake wuni a ciki. Ya jawo wani shuɗin bokiti daga ƙarƙashin benci wanda ba a taɓa sa masa sabulu ba, ba a kuma aron sa ko da wa ya zo. Yaronsa ya ɗauko tiyo zai kai baki ya zuƙa.

"Kai, cire bakinka daga nan. Ruwan kashin kifi za ka sha da safen nan?"

"Maigida, ai haka ake jawo fetur."

"Shi ya sa masu jawo fetur ke tari. Kawo."

Ya nutsa tiyon gaba ɗaya a cikin akwatin har ya cika, ya toshe baki ɗaya da babban yatsa, ya sauke shi cikin bokitin da ke ƙasa, ya saki. Ruwa ya kama gudu da kansa. Ɗaya bakin ya riƙa cusa shi cikin tsakuwa, nan da can, sai ka ga wani baƙin gari yana tasowa yana bin tiyo, tsakuwar ta koma ta kwanta. Rabin ƙasan kawai ya bi, ya ce ɗaya rabin sai mako mai zuwa. Kifayen suna ciki, bai kama ko ɗaya ba; har wani ja mai ƙaton ciki ke bin tiyon yana tsintar abin da ya taso. Da ruwan ya sauka kamar faɗin tafin hannu, ya ɗaga tiyo. Sannan ya ciro soson matata ya matsa shi sau biyu a cikin wannan ruwan dattin da ya ɗebe, ya mayar da shi yana nan da launinsa na ƙasa-ƙasa. Yaron ya ce bai fita ba. Ya ce ba a so ya fita.

Ruwan da zai zuba tun ranar Asabar yake cikin wani bokitin a buɗe a lungun shagon, an yafa masa gidan sauro. Kulorin iska ce, in ruwa ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe tana fita, musamman in ana motsa shi. Duk da haka ya ɗiga masa maganin kashe kulorin da masu sayar da kifi ke sayarwa a 'yar kwalba, kuma na ga hikimar hakan: akwai wani nau'in, kuloramin, da ake sa wa ruwan sha a birane da dama na duniya, wanda kwana ba ya kore shi, maganin kuwa yana gamawa da kowanne cikin mintoci. Kwanan da ruwan ya yi a ɗakin ya yi wani amfanin, zafinsa ya zo daidai da na akwatin. A Accra sanyi ba shi ne abin tsoro ba, yawancin kifayen nan tsakanin digiri 24 da 28 suke so, ɗakunanmu kuma can suke. Abin tsoro shi ne ruwan baƙin tankin roba da ya wuni a rana a kan rufi, wanda da la'asar yake fitowa kamar an ɗora shi a wuta. Ga zafi farat ɗaya, ga shi ruwan zafi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. Mai askin ya sa yatsa a bokiti, ya sa a akwati, ya gyaɗa kai, ya ɗora faranti a kan ruwan ya riƙa zubawa a kansa da kofi don kada ya tayar da tsakuwa. Duka aikin bai kai tsawon aski ɗaya ba. Da ya gama ya mayar da filogi, ya rufe akwatin, sannan ya wanke hannu da sabulu, ya ce wa yaron ranar da yake da yanka a hannu kada ya sa shi a ruwan nan. Gaskiyarsa ne, akwai wata ƙwayar cuta, dangin ta tarin fuka, da ke zama a ruwan kifi, takan shiga ta rauni ta bar ƙurji mai wuyar warkewa.

Tambayar da ta fi wahala a zango ita ce wane ruwa. Littattafan Turawa suna ɗauka cewa famfo ɗaya ne, kullum yana zuwa, kullum iri ɗaya. Mu kuwa a wata guda gida ɗaya zai sha na famfo, ya sha na tanka, ya sayi na rijiyar burtsatse, ya tari na sama, ya ƙare da fiya wata. Kowanne da halinsa. Na burtsatse a sassan Accra da dama yana da zartsi. Na sama da ya biyo ta kan kwano yana ɗauko ƙura da hayaƙi da sinadarin jikin kwanon, wanda kifi ba ya shiri da shi, balle ruwan farko bayan rani. Fiya wata, mai rabin lita a leda, wasu masu yin sa suna tace shi har ya rasa ma'adinan da ke hana ruwa saurin tsami, ga shi kafin ka tara lita 12 ka fasa leda 24. Galan Kufuor kuwa asalinsa mazubin man girki ne. In bai wanku ba yakan bar maiƙo a saman ruwa, wanda ke toshe inda iska ke shiga, kuma ba ka san abin da wanda ya ara jiya ya zuba a ciki ba. A ganina neman ruwan da ya fi kowanne kyau ɓata lokaci ne. Ka zaɓi ɗaya wanda ka fi samu, ka tsaya a kansa. In dole ta sa ka sauya, ka rage yawan abin da kake zubawa har kifin ya san baƙon.

A nan ne rubutun boko ya yi mana wani abu da ban sani ba ko ganganci ne ko dace. Sabo, kishiyar tsoho, da sabo, wato sabawa, harufa huɗu ne iri ɗaya. A baki ne amo ke raba su, ɗaya murya a sama take tun farko, ɗaya daga ƙasa take tashi. Mai akwati sabon ruwa yake so ya ba kifinsa, kifi kuwa ruwan sabo yake nema. Mun ce sabo turken wawa, muna yi wa wanda ya kasa rabuwa da abin da ya saba dariya, muna kuma yi wa kifin rijiya dariya don bai san kogi ba. Amma na akwati ba shi ya zaɓi rijiyarsa ba, mu muka saka shi, kuma sabonsa ba taurin kai ba ne: jininsa da ƙodarsa ne suka daidaita kansu da gishiri da tsami da zafin wannan ruwan, kuma sake daidaitawa na cin kwanaki.

Mutanen zango ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Zango masaukin fatake ne, wurin da ake kwana a wuce, amma ga Sabon Zango da Malam Bako ya kafa a farkon ƙarni na 20 ya haura shekara ɗari ana ce masa sabo. Nima kanta, tun da Malam Amadu Futa ya samu izinin zama daga iyalan Odoi Kwao wajen 1931, ba ta daina karɓar baƙi ba: Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Kotokoli, Mosi, Dagomba, Wangara, Yarabawa. Kowace shekara wasu na zuwa wasu na tafiya, unguwar tana nan ita ce, har ta yi Hausarta ta kanta wadda Bakano ke ji ya yi murmushi. Sau ɗaya aka gwada kwashewa a tashi guda, ran 18 ga Nuwamba 1969, da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar. Tsofaffi har yau suna ba da labarin gidajen da aka sayar a wulaƙance da rumfunan kasuwa da suka wayi gari babu kowa. Waɗanda suka yi dokar su ma gyara suka ce suna yi.

Saura maganar da wata Hajiya ta yi wa ɗanta a gabana, da ta ga yana ɗaukar bokiti zuwa ɗakinsa ranar da gidan ke sayen ruwa: "Mu ba mu samu na alwala ba, kai kana shayar da abin da ba a ci?" Ya ce, "Mma, rabin galan ne a mako, kuma wanda na cire ai shi kike zuba wa na'ana'arki." Duka biyun suna da hujja. Lissafin yaron daidai ne, akwati mai lita 60 ba ya cin fiye da lita 12 zuwa 15 a mako, kuma ruwan da aka ɗebe taki ne, ko a kora banɗaki da shi. Amma Hajiya ta taɓo abin da ya fi lissafi. A wurin da ake sayen ruwa da galan, kowace lita akwai mai ita. Abin da zan ƙara kawai shi ne, lokacin yin wannan muhawara shi ne kafin a sayo kifin. Bayan an kulle rai a gilashi, haƙƙinsa ya hau wuya, kuma duk wanda ya yi karatun hadisi ya san labarin matar da ta tsare kyanwa ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya rage yawan kifin, ya rage abincin da yake watsa musu, domin rabin dattin akwati daga hannun mai shi yake fitowa. Kada dai ya juye su a babbar kwatar Nima da sunan 'yantarwa. Wanda ya mutu ya mutu a banza, wanda ya rayu ya bi ruwa zuwa kogin Odaw, inda ba gidansa ba.

Ƙa'idar kaɗan-kaɗan tana da ranar da ake karya ta. In an fesa maganin sauro a ɗaki akwatin na buɗe, ko hayaƙin na kunnawa ya kwana yana sauka a kansa, ko yaro ya juye gwangwanin abinci a ciki, ko kifi ya mutu a bayan dutse ya kwana biyu ba a gani ba, to jira ya fi canji haɗari. A nan ana ɗebe rabi, gobe a sake, da ruwan da aka kashe wa kulorin aka daidaita zafinsa, kuma ko a ranar ba a taɓa soso da sabulu. Haka in wuta ta ɗauke ta daɗe, irin dumsor ɗin 2015 da ake wuni a kwana babu ita: bakteriyar da ke cikin matata iska suke shaƙa, in injin ya tsaya sa'o'i da yawa sukan fara mutuwa, ruwan da ke kulle a ciki ya yi wari. Kafin a kunna, a buɗe matatar a zubar da wannan ruwan, a ɗauraye soson a ruwan akwati. Muddin wutar ba ta dawo ba, a daina ba su abinci, kifi na iya kwana biyu ko uku bai ci ba lafiya lau, a riƙa ɗibar ruwan da kofi ana kwararo shi daga sama lokaci-lokaci don iska ta shiga. Shi ya sa mai kiwon da ya san aikinsa a Nima kullum yana da bokiti ɗaya cike a ajiye, an rufe shi da gidan sauro, kuma duk gidan an san ba na wanka ba ne.